Hedifon mai tsada: ina ya kamata kuɗin ya tafi, ina ne kuma asara?

Tambaya: Salamu alaikum, Yaya. Ni mai gyaran waya ne a Circle da ke Akra, ina zaune a Nima, ɗaki ɗaya ni da ƙanena a gidan haya. Tun ranar da wani kwastoma ya ɗora mini hedifon ɗinsa na Sennheiser a kai, na ji ƙira'a kamar mai karatun yana zaune a gabana, ban sake samun sukuni ba. Na tara abin da ya kai kimanin dala 300 ta hanyar susu, wato adashe. Abokai sun ce wannan ko kuɗin amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, bai kai ba, wai sai na haɗa da DAC da kebur na musamman, kuma duk hedifon da bai kai dala 1,000 ba ɓata kuɗi ne. Har na fara tunanin cin bashin da ake bayarwa ta waya in cika. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma ta yaya mai ƙaramin ƙarfi zai riƙe wannan sha'awa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar bashi dai ka ajiye ta gefe tun yanzu. Abin da ka tara ya isa ya kai ka wurin da ake jin mafi yawan abin da masu kayan dubbai suke ji, in dai ka san inda za ka zuba shi. Bashin waya yana da ruwa, wa'adinsa gajere ne, kayan da za ka saya da shi kuwa ranar da ka buɗe kwali darajarsa ta faɗi. Ga kuma mai gida da zai zo neman kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ba ruwansa da abin da ke rataye a kunnenka.

Mu fara da maganar abokanka ta dala 1,000. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya auna hedifon 283, daga na araha har na tsada, ya duba yadda kowanne ke fitar da ƙasan sauti da tsakiyarsa da samansa. Bai sami wata alaƙa ta a zo a gani tsakanin wannan ma'auni da farashi ba. Wannan ba ya nufin mai tsada yaudara ne. Kuɗin yana sayen ƙarfe da fata a maimakon roba, da daidaita kunnen hagu da na dama, da ƙarancin gurɓatar sauti idan an ƙure ƙara, da kuma suna. Amma mai tsada ma yana da aibinsa. Sennheiser HD 800 da ya fito a 2009 yana da wani kaifi a saman sauti, wajen 6,000 Hz, da ya dami mutane, har sai da kamfanin ya fitar da HD 800 S da wani ɗan abu a ciki mai tsotse wannan kaifi. Focal Utopia na Faransa ya fito a 2016 a kan dala 4,000, matashin kunnensa kaɗai ya kai kuɗin wani cikakken hedifon mai kyau. Audeze LCD-X ya haura rabin kilo, wuya ce ke biyan sauran kuɗin. Tazarar da ke tsakanin iyafis ɗin da ake ratayawa a bakin titi da hedifon na dala 200 babba ce ƙwarai, kowa zai ji ta. Daga dala 200 zuwa 2,000 kuwa, tazarar tana nan amma 'yar kaɗan ce, sai a ɗaki shiru, da rikodi mai kyau, da kunnen da ya saba.

To kafin suna ko farashi, tambayar farko ita ce: a ina za ka riƙa saurare? Wanda kwastoman nan ya ɗora maka, in cikin dangin HD 600 ne, mai buɗaɗɗen baya ne. Bayan kofin raga ce, iska tana shiga tana fita, shi ya sa muryar ta yi maka kamar daga fili take zuwa, ba daga cikin kwanyarka ba. Amma ragar nan hanya ce mai zuwa da dawowa. Ƙanenka zai ji duk abin da kake ji da tsakar dare, kai kuma za ka ji rediyon maƙwabta, da daka, da janareta. Alherinsa ɗaya a gidan haya shi ne kiran sallah ba zai wuce ka ba. A shago a Circle ko a cikin trotro, motar haya, kuwa, mai buɗaɗɗen baya ba shi da amfani ko kaɗan, hon ɗin motoci da lasifikar masu talla za su cinye ƙasan sautin gaba ɗaya, kai kuma ka yi ta ƙara murya har ka cuci kunnenka.

In ɗakin yana yin shiru bayan isha'i, kuma ƙanenka mai nauyin barci ne, zaɓina a kuɗinka shi ne HD 6XX. Shi ne HD 650 na 2003 da aka sake wa launi, kamfanin Massdrop ya fitar da shi tare da Sennheiser a 2016 a kan dala 200. Yayansa HD 600 tun 1997 ake ƙera shi, har yau kuma masu aikin sauti suna auna wasu da shi. Ƙarfinsu muryar ɗan Adam: ƙira'a, wa'azi, waƙar baka, goge, jitar hailaif. Rauninsu can ƙasa ne, bugun da ke girgiza ƙirji a kiɗan zamani ba ya fita sosai sai an taimaka masa. Babban dalilin da ya sa nake nuna su ga mai ƙaramin ƙarfi ma ba sautin ba ne kaɗai. Ana kwance su da hannu, ba sai da sukudireba ba. Matashin kunne, sosan saman kai, kebur, raga, har 'yar sifikar ciki, kowanne ana sayar da shi daban.

In kuwa shiru ba ya samuwa, ka nemi mai rufaffen baya. Beyerdynamic DT 770 Pro na Jamus yana wajen dala 150 zuwa 170, yana zuwa iri uku bisa turjiyarsa ga wuta: om 32, om 80, om 250. Ka ɗauki na 80, matashinsa na yadi ne mai laushi, na 32 kuwa na fatar roba ne. Samansa yana da kaifi, harafin "s" yana iya sukar kunne, keburinsa kuma a manne yake, amma ga mai riƙe ƙarfen dalma kullum wannan ba matsala ba ce. AKG K371 sautinsa ya fi daidaito tun daga kwali, waya ma tana tuƙa shi, sai dai jikinsa bai kai DT 770 jure wahala ba. Sony MDR-7506, tun 1991 yake aiki a gidajen rediyo, om 63, wajen dala 100, murya tana fita a cikinsa tsaf, amma matashinsa yana saurin ɓarewa.

Akwai kuma hanyar da na fi so matashi ya fara bi, ko da yana da kuɗin manya a hannu. Ka sayi iyafis mai shiga cikin kunne na kamfanonin Sin da suka yi suna, irin Moondrop Chu ko 7Hz Zero, wajen dala 20, ko Truthear Hexa wajen dala 80. Ka yi wata ɗaya ko biyu da shi. A nan za ka gane ko kai mai son kaurin sauti ne, ko mai son murya a gaba, ko kaifi yana damunka. Wanda bai san bakinsa ba, duk miyar da aka yaba masa sai ya saya. Abu ɗaya ka kula: robar bakin iyafis tana zuwa ƙarama, matsakaiciya, babba. In ba ta toshe kunnen sosai ba, ƙasan sauti zai zube, ka ɗauka kayan ne ba su da kyau. Ka gwada duka ukun, kuma ba dole ba ne kunnen hagu da na dama su ɗauki girma ɗaya.

Yanzu amfilifaya, inda aka fi cin kuɗin mutane. Abu biyu ake dubawa a takardar hedifon: turjiyarsa, wadda ake aunawa da om, da kuma yawan ƙarar da yake bayarwa idan an ba shi bolt ɗaya. Mutane suna kallon om kawai su tsorata, alhali na biyun ya fi muhimmanci. Ɗauki HD 650: om 300, kamfanin ya rubuta desibel 103 a bolt ɗaya, desibel shi ne ma'aunin ƙara. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da bolt ya ninka, ƙara tana hawa da desibel 6. Ke nan rabin bolt zai ba ka 97, bolt ɗaya 103, bolt biyu 109. Sauraro mai daɗi yana wajen desibel 70 zuwa 80, sai ka bar sarari na 10 zuwa 15 a sama saboda bugun ganga da wuraren da sauti ke tashi farat ɗaya. Ka lissafa da kanka: bolt ɗaya ya isa yawancin rikodi, bolt biyu kuwa har da rara. Wutar da ake magana a kai ma ba ta taka kara ta karya ba, bolt ɗaya a kan om 300 bai wuce miliwat 3 da ɗigo 3 ba.

DAC kuma ba wani abin tsafi ba ne. Shi ne ke juya lambobin da ke cikin fayil su zama sautin lantarki, kuma duk wayar da ke da ramin iyafis tana da shi a ciki. 'Yar igiyar nan ta Apple mai kan USB-C, ta dala 9, DAC ce da amfilifaya a haɗe, kuma sautinta tsaftatacce ne. Amma a kula da abu biyu. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana bayar da bolt ɗaya, ta kasuwar Turai rabin bolt kawai, a ido kuwa kusan ba a bambance su. Sannan a kan wayoyin Android da yawa ba ta buɗe ƙarfinta duka, sai ka ji ƙarar ta yi ƙasa. Ga HD 6XX a kan Android, gara ka nemi irin wannan 'yar na'ura daga FiiO ko Moondrop wadda aka rubuta tana fitar da bolt 2, tsakanin dala 30 da 60 ake samunsu. Nan maganar amfilifaya ta ƙare ga kuɗinka.

Inda lissafin yake canzawa shi ne hedifon irin na Hifiman, masu shimfiɗaɗɗiyar fata tsakanin maganaɗisu, kamar Sundara da HE400se. Om ɗinsu kaɗan ne, wajen 30, amma suna shan wuta, ƙaramar igiya tana iya gazawa idan bugu ya yi nauyi, sai ka ji sautin ya daskare ko ya fashe. Su ne ke son amfilifaya ta tebur, irin JDS Labs Atom ko Schiit Magni, wajen dala 100 zuwa 130. To a nan ga tarkon da ya halaka kayan mutane da yawa. Waɗannan biyun suna zuwa da tiransifoma ta bango wadda aka yi wa wutar ƙasa ɗaya. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta Ghana 230. In ɗan'uwa ya sayo maka a Amurka ka cusa a soket da adafta, za ka ji ɗan ƙauri, shi ke nan. Ka karanta jikin tiransifomar: in ka ga 100–240V, lafiya, in ka ga 115V ko 120V kaɗai, sai an nemo ta 230. Da yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, na fi son na'urar da ke cin wuta ta USB, domin ranar dumso, wato ɗaukewar wuta, fawa-banki ya ishe ta.

Tunda aikinka ne, ga ƙarin abu biyu. Turjiyar bakin amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Mai om 32 yana son bakin da bai haura om 4 ba, in ya haura sai ƙasan sauti ya kumbura ko yanayin sautin ya karkace. Shi ya sa iyafis mai kyau yake yin wani iri a ramin tsohuwar rediyo ko miksa. Na biyu, ramin milimita 4.4 da ake kira balans, a na'urori da yawa yana ninka bolt, daga 2 zuwa 4. Kowane kunne yana da wayoyinsa biyu a can. Kada ka taɓa haɗa adaftar da za ta kai kebur na 3.5 na yau da kullum cikin wannan rami, domin za ta haɗe wayoyi biyun da bai kamata su taɓa juna ba, amfilifayar tana iya ƙonewa.

Kebur na azurfa ko na zinare da ake cewa yana buɗe sauti, ka bar wa masu shi. Kebur aikinsa kada ya karye, kada ya yi ƙara idan ya gogi riga, tsawonsa ya dace da kai.

Abin da zai canza maka sauti fiye da kowace amfilifaya kyauta ne, wato ikwalaiza, mai ɗaga ko rage ƙasan sauti, tsakiyarsa ko samansa. Masu bincike a kamfanin Harman, ƙarƙashin Sean Olive, sun shafe shekaru suna sa mutane sauraro ba tare da sun ga abin da ke kansu ba, suka fitar da wani zanen sauti da mafi yawan masu sauraro suka fi so. Daga nan wasu suka auna ɗaruruwan hedifon suka rubuta gyaran da kowanne ke bukata don ya kusanci wannan zane, tarin da ake kira AutoEq. A Android ka sauke Wavelet, ka kunna sauti, ka buɗe sashen AutoEq, ka rubuta sunan hedifon ɗinka, ka zaɓa. A kwamfuta mai Windows kuma Equalizer APO ake sa wa lambobin. iPhone ba ta barin manhaja ta gyara sautin wayar gaba ɗaya, shi ya sa masu ita suke sayen Qudelix 5K, wajen dala 110, mai ikwalaiza a cikinsa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗaga ƙasan sauti da desibel 6 ba a rage ƙarar shiga da desibel 6 ba. Sakamakon shi ne tsattsagewa a duk bugun ganga. In ka rage kuma, ka tuna ka ci desibel 6 daga rararka, wato rabin yawan bolt ɗin da kake da shi. Nan ne amfanin mai bolt 2 yake fitowa. Zanen Harman kuma mafari ne kawai. Ka ƙara ko ka rage kauri da desibel ɗaya ko biyu har ya zauna maka.

Fayil ma yana da nasa. Hedifon mai kyau ba ya rufa wa rikodi asiri. Wa'azin da aka ɗauka da waya a gaban lasifikar masallaci, aka yi ta tura shi a WhatsApp, a hedifon na dala 2,000 ma sai ya fi muni, domin duk ƙugin da tsatsar za su fito fili. Amma kada ka zarce ɗaya gefen. Apple da kansa ya nuna a saitin manhajarsa cewa waƙar minti uku tana cin megabait 6 a inganci na kilobit 256 a daƙiƙa, 36 a wanda ba a matse ba, 145 a mafi girma. Mutane ƙalilan ne ke iya bambance na farko da na biyu idan an rufe musu suna. Da kuɗin data a ƙasar nan, 256 ko 320 ya wadatar, ka sauke a inda akwai Wi-Fi ka ajiye.

Wataƙila ka ce me ya sa ban ambaci na Bluetooth masu kashe hayaniya ba, irin Sony WH-1000XM. Suna da amfaninsu: gurnanin inji da na janareta suna danne shi sosai, ko da yake murya da hon suna ratsowa. Matsalar batir ce, kai ka fi ni sanin yadda batir ke yi bayan shekara biyu ko uku a zafin nan. Kwatanta: mai igiya na dala 220, da canjin matashi na dala 40 duk shekara biyu, a shekara goma wajen dala 400 ne, wato 40 a shekara, kuma a ƙarshe yana da kuɗi in za ka sayar. Na batir na dala 350 in ya yi shekara huɗu ya ci kusan 90 a shekara, a ƙarshe kuwa da wuya a taya. Haka ake lissafin wannan sha'awa, da shekara, ba da farashin kwali ba.

Sai saye. Farashin da na ambata duk na kantunan waje ne, kuma da gangan na bar su a dala. A farkon 2022 dala ɗaya sidi 6 da 'yan kai ce, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13. Wanda ya tara sidi yana jiran cikon kuɗi a shekarar, yana gani abin ya yi masa nisa. Don haka ranar da ka kwashi susu, ka duba canji, in ya yi daidai kada ka yi ta jan ƙafa. In ta jirgi za a aiko, ka sa kuɗin dako da na kwastan a lissafi, akwai harajin shigo da kaya, da VAT, da NHIL na inshorar lafiya, da na GETFund na asusun ilimi. Ka tambayi kamfanin dakon jimillar abin da za ka biya har hannunka, a rubuce, kafin ka tura ko pesewa ɗaya. Hanya mafi sauƙi ga 'yan zango ita ce ɗan'uwa mai dawowa daga Bronx ko Landan ko Jamus lokacin Sallah ko ƙarshen shekara. Ka sa a aika gidansa da wuri, ya buɗe ya gwada tun yana can, domin mayar da kaya daga Akra wahala ce, garantin ma sau da yawa ba ya tsallako teku.

Na hannu kuwa, a Jiji, kasuwar intanet, ko a Tip Toe Lane, layin masu sayar da waya a Circle, nan ne ake samun rabo, nan ne kuma ake cinikin biri a sama. Jabu ya fi yawa a sunayen da kowa ya sani: ATH-M50x, MDR-7506, AirPods, da iyafis ɗin Sennheiser masu tsada. Sabo fil a leda a rabin farashin waje, ka san da walakin. Kada ka tura kuɗi ta MoMo kafin ka riƙe kaya a hannu. Ka tafi da mitarka, da wayarka, da 'yar DAC ɗinka, ku shiga cikin shago mai ƙofa, ba bakin titi ba.

Ka fara da mita, a kan ma'aunin om. A kan filogi na 3.5, tsinin shi ne hagu, zoben tsakiya dama, gindin kuma na ƙasa. Ka auna tsini da gindi, sannan zobe da gindi. Lambobin biyu su yi kusa da abin da kamfani ya rubuta, su kuma yi kusa da juna. In an ce maka om 300 ne mita ta nuna 32, ciniki ya ƙare. In gefe ɗaya ya bambanta da ɗayan sosai, ko an taɓa canza 'yar sifika ko tana kan hanyar mutuwa. Daga nan ka kunna manhajar fitar da amo, ka ja a hankali daga 20 Hz zuwa sama, da ƙara matsakaiciya. Ka tsaya tsakanin 30 da 80 ka kasa kunne. In ka ji zzz kamar ƙuda a cikin kwalba, sau da yawa gashi ne guda ɗaya ya ratsa soso ya taɓa fatar sifika, ana cire matashi a zare shi da hantsaki, wannan dalilin neman ragi ne kawai. In an cire gashin ƙarar ba ta tafi ba, fatar ta lotsa ko nadin wayar yana gogar maganaɗisu, ka bar shi. Sai ka sa muryar mutum ɗaya, ta tsaya a tsakiyar kanka. In ta karkata hagu, ka juya hedifon ɗin, na dama a hagu. In karkatar ta koma dama, laifin kayan ne. In ta tsaya a hagu, kunnenka ne. Ka murɗa kebur a gindin filogi da wurin da ya shiga kofi kana saurare. Ka buɗe bakan kai a hankali ka duba tsaga kusa da mahaɗa. Fentin da ya ɓare a bakan tsohon HD 600 ko 650 ba komai ba ne, tsaga a roba ita ce magana. A ƙarshe ka shinshina matashin, warin fumfuna ba ya ɓuya.

In za ka gwada biyu gefe da gefe, ka sani wanda ya fi ƙara ko da kaɗan shi kunne zai ce ya fi daɗi, masu sayarwa kuma sun san haka. In amfilifaya biyu kake kwatantawa, ka sa amo na 400 Hz, ka auna bolt a bakin kowacce da mita har su zo ɗaya, sannan ka sa wani ya riƙa sauya maka ba ka gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma yawancin bambancin da ake rantsuwa a kai a nan yake ɓacewa.

Matashin da ya kwanta yana canza sauti, ba jin daɗin sawa kaɗai ba, domin kunne yana matsowa kusa da sifika, saman sauti ya dushe. Don haka duk na hannun da ka saya, ka ɗauka akwai dala 30 zuwa 50 na sabon matashi a kansa, ka cire daga tayinka. Na kasuwa marasa suna sun fi araha, amma suna iya mayar da hedifon wani abu daban.

Yanayin Akra ma yana da nasa haraji. Danshi da gumi da man kai suna cin fatar roba, ta fara tsagewa, ta koma baƙin gari a kunne da wuyan riga. Iskar teku tana sa filogi da ƙananan fil su yi tsatsa, sai gefe ɗaya ya riƙa ɗaukewa. Ɗan auduga da sinadarin da kake goge allon waya da shi ya isa. Bayan sauraro ka goge matashi, ka bar shi ya sha iska, sannan ka sa a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, kana canza su lokaci lokaci. Kada ka rufe shi da gumi a jiki. Matashin yadi ana wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a shanya a inuwa har ya bushe sarai kafin a mayar. Da hunturu ka rufe mai buɗaɗɗen baya da ƙyalle. Kada kuma ka ajiye shi a teburin aikinka: maganaɗisun ciki yana jan ƙananan sukurori da garin ƙarfe ta cikin raga. Iyafis in gefe ɗaya ya yi ƙasa, kafin ka ce ya mutu ka duba 'yar ragar bakinsa, yawanci dattin kunne ne ko raɓa ta toshe ta, ana goge ta da busasshen buroshi ko a canza. Wannan danshin ne ma ya sa ba na nuna wa kowa a bakin teku hedifon irin na Stax na Japan, masu aiki da bolt 580, ko da yana da kuɗin. Ba sa shiri da laima da ƙura.

Kunnen kansa ba a sayar da shi a Circle. Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya. Kai da ke wuni cikin hayaniyar Circle ka riga ka ci wani kaso kafin ka koma gida. Hedifon mai tsabtar sauti yana da haɗari ta nan, domin ba ya fashewa balle ya gargaɗe ka. In ka cire ka ji kunne yana ƙugi ko ya yi dum, ka wuce iyaka. Kuma kada ka tsallaka titi ko ka bi lungu da dare da kunnuwa biyu a toshe.

Ga yadda zan raba dala 300 ɗin a halin da ka bayyana. Dala 20 iyafis, 40 'yar DAC mai bolt 2, waɗannan yanzu, su ne na shago da trotro. Sauran 240 su zauna wata biyu kana wasa da ikwalaiza, kana kuma lura da ƙarfe nawa gidanku yake yin shiru. In shirun yana samuwa, HD 6XX ta hannun mai dawowa, ko HD 600 ko 650 na hannu da ya ci jarrabawar mita. In ba ya samuwa, DT 770 Pro na om 80 ko K371, canjin da ya rage ka ajiye na matashi. Bayan haka, in sha'awar hawa sama ta motsa, ka sa wa kanka sharaɗi biyu: sai ka saurari abin da kunnenka, da rikodin da ka sani, na aƙalla rabin awa, kuma sai ka sayar da na hannunka ka cika da kuɗin da ba na haya ba, ba na jari ba, ba na cefanen gida ba. Ka adana kwali da rasit da adaftar 6.3 da ta zo a ciki, domin mai saye na gaba zai tambaye su, kuma suna ƙara wa kaya kuɗi.